Ranar da Ubuntu ta ɓace mini da hotunan Hajiya a ciki

Kwamfutar da nake aiki da ita a shagona nan Zurmi tsohuwar HP ce, kuma manhaja biyu na ɗora mata. Windows don filashin ɗin Tecno da itel, Ubuntu kuma nan nake ajiye kayan mutane kafin in goge musu waya, saboda bairos ba ya damun ta sosai.

Wata Hajiya ta kawo wayarta tana ta maƙalewa. Na kwashe hotuna da saƙonnin murya na marigayi mijinta na zuba a Ubuntu, na goge wayar, na ce ta dawo gobe. Da safe na kunna kwamfuta, wannan baƙin allon da ke tambaya wacce za ka shiga, wato GRUB, bai fito ba. Kai tsaye ta wuce Windows. Na sake kunnawa sau uku, haka.

Wallahi gumi ya karyo mini. Yarona ya buɗe Disk Management, ya ga wani ɓangare babu suna, ya ce: "Oga, wannan fanko ne, mu yi masa fomat." Na buge hannunsa. Windows ba ta iya karanta ext4, tsarin ajiyar Ubuntu, shi ya sa ba ta nuna abin da ke ciki, amma komai na nan.

Agogo ne ya tona asirin. Bambancin awa ɗaya na saba gani, don Ubuntu na ajiye lokacin UTC, mu kuma Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Amma ranar har shekarar ta koma baya. Nan na gane ƙaramin batirin nan na cikin bodi ya mutu, babban batirin kuma dama ya daɗe da lalacewa, sai saitin BIOS ya koma na kamfani, Windows Boot Manager ya hau sama.

Na kashe, na kunna ina danna F9. A Dell F12 ne. Sai ga sunan ubuntu a jerin, na zaɓe shi, GRUB ya fito. Kafin in taɓa komai sai da na kwafe kayan Hajiya a filas. Bayan nan na shiga F10 na mayar da ubuntu sama, na adana.

In kun shiga BIOS kada ku yi wasa da Secure Boot haka kawai. Idan BitLocker na kunne, Windows na iya neman lambobi 48 da yawancinmu ba mu taɓa rubutawa ba.

Hajiya ta zo bayan la'asar, ta saurari muryar Alhaji a tsaye nan bakin shago, ta ce: "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ban faɗa mata yadda safiyar ta kasance ba. Batirin kuma sai da na ba direba sautu daga Ƙaura Namoda.