Ledar Da Na Ɗaura Wa Fitilar Ɗakin Umma

A ɗakin Umma akwai dogon ƙwan lantarki, irin mai farin haske wanda yake ƙifta ido sau biyu kafin ya kama. Da damina, idan aka kawo wuta, shinge da sauran ƙwari sai su yi masa dandazo, suna faɗowa cikin tuwo da kan gado. Bara, da aka haifa mana ƙani a watan Agusta, abin ya dame ni, don ina ganin ƙwarin suna sauka a fuskarsa.

A makon ne malaminmu na kimiyya ya nuna mana cewa farin haske ba launi ɗaya ba ne. Launuka bakwai ne a haɗe, irin na bakan gizo, kuma Isaac Newton na Ingila ya rarrabe su da gilashi mai kusurwa uku tun wajen 1666. Ya ce ƙwari sun fi bin ɓangaren shuɗi, rawaya ba ta cika jan su ba. Ni kuwa sai na ji kamar an ba ni maganin gidanmu a hannu.

Da na koma gida na samo leda ruwan ɗorawa, na tsaga ta, na taka kujera na naɗe ƙwan da ita, na ɗaure da zare. Na bar bakunansa biyu a buɗe saboda nan ne yake zafi. Da daddare ɗakin ya koma kamar hasken acibalbal, ƙwari suka ragu sosai. Umma ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ranar har Yaya sai da na yi wa gori.

Kun san ɗakin mai jego. Taga a rufe, labule a sake, jariri a naɗe cikin zane. Kusan duk kallon da muke yi masa a ƙarƙashin wannan fitilar ne, kuma a ƙarƙashinta kowa rawaya ne: ni, Umma, har farin kwanon sha.

Ranar da ya kwana huɗu, Kaka ta fito da shi tsakar gida da hantsi bayan ta yi masa wanka. Ta tsaya tana kallonsa. Ta danna goshinsa da yatsa, ta buɗe masa ido, sai ta ce, "Ku kira mini Babansu. Yaron nan shawara ce da shi." Farin idonsa ya zama kamar an ɗiga masa ruwan ɗorawa.

Daga asibitin da aka fara kai shi aka tura su Kano, ni ma na bi don riƙe wa Umma kaya. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya, "Yaushe kuka fara gani?" Kowa ya yi shiru. Ni na san dalilin shirun, cikina ya ɗuri ruwa. Sai da Baba ya fita sayen magani na bi shi na faɗa masa zancen ledar, ina kuka. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ba ke kika sa masa ciwon ba. Ɓoye mana shi ledar ta yi, mu ma da muke manya ba mu lura ba."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin. An tuɓe shi, aka rufe masa ido da ƙyalle, aka kwantar da shi a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Ma'aikaciyar ta ce hasken yana farfasa sinadarin da ya taru a jininsa ya mai da shi rawaya, sai ya fita ta fitsari da kashi. Ta ce idan aka bar shi ya yi yawa yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Shuɗin da na tare da leda a gida, shi ne aka kunna masa kwana uku.

A asibiti ranar sunansa ta same shi, sai da muka dawo aka yi taro. Ledar tana nan, amma a fitilar zaure, inda Baba yake hira da abokansa. A ɗakin Umma farin haske ya dawo. Idan shinge suka zo, ni nake ajiye roba da ruwa a ƙarƙashinsa, da safe in zuba wa kaji.