Kwalejin da rusau ya haifa a Zongon Lome

A watan Oktoba na 1977 aka rushe tsohon Zongon Lome, ina ɗan shekara bakwai. Unguwa ce da Hausawa fataken goro da shanu suka raya tun zamanin Jamusawa, Zabarmawa da Yarbawa da Kotokoli suka zo suka zauna tare da su. Ga ta a tsakiyar gari, mutum kan taka da ƙafa ya isa babbar kasuwar Asigame. Gwamnatin Eyadema ta ce tana bukatar filin. Na ga katafila ta tura katangar maƙwabtanmu, na ga mata suna ɗaure tukwane cikin zannuwa, maza suna ɓamɓare kwanon rufi don kada a tashi a tutar babu. Aka kai mu arewa da gari, tafiyar kilomita 15 ko kusa da haka, bayan Agoè, daf da Togblékopé, a bakin titin da ya miƙe zuwa Sokode. Wurin daji ne a lokacin.

Mahaifina dillalin shanu ne, ya haddace Alƙur'ani, kuma da ajami yake rubuta lissafin bashinsa, bai taɓa ɓatar da ko dala ba. Amma takardar filin da aka ba shi da Faransanci aka rubuta ta. Na raka shi wurin wani saurayi akawu, ya tsaya riƙe da takardar yana jiran yaron da bai kai ɗan cikinsa ba ya gama cin abinci ya karanta masa. A hanyar komawa bai ce uffan ba. Dattawa da yawa sun ɗanɗana irin wannan, kuma daga nan ne maganar makaranta ta fara yawo a masallaci bayan sallar isha'i.

Wanda ya ɗauki nauyin abin malamin zaure ne da ya yi karatu a Kano ya dawo, Malam Babba muke ce masa. Ya sha suka ƙwarai, domin a Zongon wancan zamani wanda ya kai ɗansa lakwal, wato makarantar boko, kamar ya sallama shi ne. Wani dattijo ya tare shi a gabanmu ya ce, "Malam, kai da bakinka za ka kai 'ya'yanmu ga karatun Nasara?" Ya ce, "Alhaji, ba zan kai su ko'ina ba. Karatun zan kawo nan, inda idonka da nawa ke kansu." Da ɗakuna uku na bulo aka fara, firamare tukuna. Da 'yan farin suka ci satifika sai aka ƙara ajin kwaleji, kowace shekara ɗaya, gwargwadon abin da mahauta da dillalai da mata masu atamfa suka iya tarawa.

Karatu biyu muke yi a yini guda. Da safe manhajar gwamnati, daga siziyam, ajin farko na kwaleji, zuwa turwaziyam, ajin ƙarshe: Faransanci, lissafi, kimiyya, tarihi, labarin ƙasa da Ingilishi, har a kai ga jarrabawar BEPC. Bayan azahar a koma Larabci: Ahalari da Ishmawi ga ƙanana, Iziyya da Risala ga manya, Ajurumiyya don nahawu, sai hadisai arba'in na Nawawi da hadda. An daɗe ana ja-in-ja kan ranar hutu, tunda makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutawa, ta gwamnati kuwa Asabar da Lahadi. Aka tsaya a kan a tashi da hantsi ranar Juma'a, Asabar ta zama ta Larabci zalla, Lahadi kowa ya wanke kayansa. Malamin lissafinmu Kirista ne, ɗan ƙabilar Ewe, kullum a keke yake zuwa daga cikin gari. Da ya ji ladan sai ya ajiye alli ko da a tsakiyar lissafi ne, ya ce mu je mu dawo. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Abin da muka fi tsoro shi ne dikte, wato shiftar Faransanci. Malami zai riƙa zagaya aji yana karanta jimla sau biyu, hannunsa ɗaya a baya, mu kuwa alƙalami na rawa. Maki ashirin ne, kowane kuskure a zabge, kafin ka ankara ka tashi da sifili. Yaron da ya haddace izu talatin, baƙi bai kuɓuce masa, sai ka gan shi yana hawaye saboda harafin da ake rubutawa amma ba a furtawa. Akwai kuma katantanwar da ake rataya wa duk wanda aka ji yana Hausa a harabar makaranta. Shi kuma sai ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda ta kwana a wuyansa ya sha bulala da safe. Har yau ban yarda da wannan ba. Ta koya mana Faransanci, haka ne, amma ta koya mana yi wa juna leƙen asiri. Sauye-sauyen ilimi na 1975 sun ba Ewe da Kabiye gurbi a makarantun Togo, Hausa ba ta samu ba, sai ga shi a makarantar da iyayenmu suka gina da guminsu ma an hana ta shiga.

Al'adunmu na ɗalibai ba su da yawa, amma mun riƙe su da gaske. Da Maulidi mukan fita jere cikin fararen kaya mu zaga unguwa, mata suna miƙo waina da koko. Ƙarshen shekara akwai musabaƙa da wasan kwaikwayo, kuma a wannan rana kaɗai ake yin Hausa a dandamali ba fargaba. Wadda na fi ƙauna ita ce ta miƙa littafi. Duk ɗan turwaziyam da ya gama BEPC zai kira wani na bayansa a gaban taro, ya rubuta sunansa a cikin bangon littafinsa ƙarƙashin sunayen waɗanda suka gabace shi, ya damƙa masa. Littafin lissafin da ya zo hannuna an ɗinke bayansa da zaren buhu, gefen shafukan cike da bayanin da wani ya yi wa kansa da ajami. Da wannan bayanin na fahimci aljabara.

Na dawo makarantar ina koyar da lissafi a 1992, shekarar da aka maido da tsohon taken ƙasa wanda aka ajiye tun 1979. Mu da muka tashi da taken jam'iyyar RPT, sai da tsohon malamina ya tara mu da ɗalibai a layi ɗaya ya koya mana tsohon taken. Ba a jima ba, ranar 16 ga Nuwamba, yajin aikin gama-gari ya fara, ya ja har cikin 1993. A Janairu harbe-harbe suka sa dubban mutanen Lome suka tsallaka Aflao ta Gana, wasu suka yi Benin. Muka rufe ƙofar makaranta, muka raba ɗalibai zaure-zaure. Ina jingina ƙyauren ƙofa da bango in yi rubutu a kai da gawayi. Albashi babu. Wata Hajiya mai sayar da hatsi ta riƙa aiko wa kowane malami da kwanon masara, Kirista da Musulmi, ba ta taɓa tambayar ranar biya ba. Muna murmurewa ke nan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin littafin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka. Yara huɗu suka koma kan littafi ɗaya, kuɗin makaranta kuma aka yarda a riƙa kawo shi jaka-jaka, ranar da ciniki ya yi kyau.

A waɗannan shekarun ne muka yi asarar 'yan mata da yawa. In kuɗi ya gaza a gida, ita ake fara cirewa, a ɗora mata talla ko a yi mata aure, ko da ita ce ta ɗaya a aji. Malam Babba ya riƙa bin gidaje da sandarsa yana roƙon iyaye, wasu suka ji, wasu suka ba shi haƙuri.

Cikin waɗanda suka gama, akwai ma'aikatan jinya da akawun tashar jirgin ruwa, akwai waɗanda suka wuce Jami'ar Lome. Yanzu in takarda ta zo gida a Zongo, a cikin gidan ake karanta ta. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne haziƙan ɓangaren Larabci, da suka samu gurbi a Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, ko Azhar, ko Madina. Da yawa sun dawo da shaida mai nauyi, amma ofisoshin Lome Faransanci suke tambaya. Wanda ya fi kowa nahawu a ajinmu yana limanci da asuba, yana koyar da yara da yamma, tsakanin nan kuma yana kabu-kabu da babur a titin Agoè don ya ciyar da iyalinsa.