Kwamfutar Ɗalibi: Shawarar Da Na Bayar, Na Dawo Na Janye

Bara da kaka, yayana da ke noman shinkafa a Bakura ya same ni da kuɗi ƙunshe a leda. Buhunan da ya sayar ke nan daga gonarsa da ke shan ruwan madatsar Bakolori. 'Yarsa ta samu gurbin karatu a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, an ce sai da kwamfuta. Ya ce da ni, "Malam, kai ka san kan waɗannan abubuwa. Ka zaɓa mata wadda ba za mu sake sayen wata ba har ta gama."

Na karɓi amanar da ƙarfin gwiwa, domin na daɗe da ra'ayi a kan wannan batu. Sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai araha, irin wadda ake jerawa tana sheƙi a shaguna, sau da yawa RAM ɗinta gigabait 4 ne, kuma a manne yake da allon cikinta, ba ya ƙaruwa. Ma'ajiyarta kan tsaya a gigabait 64, Windows kaɗai ta cinye kaso mai yawa. Idan abu ɗaya ya lalace a wannan allo, sai dai a sauya shi ɗungurungum. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Saboda haka na nufi Kano, na tsinto kaya ɗaya bayan ɗaya: ƙaramin akwati na hannu wanda bai fi girman ƙamus ba, RAM gigabait 8, ma'ajiyar SSD gigabait 256, da allon kallo da madannai. Na haɗa su da hannuna a dare guda. Kuɗin bai haura na waccan sabuwar ba, amma a wajen sauri ta yi mata fintinkau. Kowane sashe nata ana iya cire shi a sa wani. Na kai Mafara ina jin na yi abin kai.

Wata biyu bayan haka yarinyar ta kira ni, muryarta a sanyaye. Ta ce, "Baba, kwamfutar tana da kyau, amma ba ta da amfani sai an kawo wuta." A ɗakin da suke haya, wuta kan zo da tsakar dare ta ɗauke kafin asuba, wani lokaci a kwana biyu ba a gan ta ba. Sau biyu tana tsakiyar aikin da aka ba su wutar ta ɗauke, abin da ba ta adana ba ya salwanta. Ƙawarta mai ƙaramar laftof ɗin da na raina kuwa, takan kai ta wurin masu cajin waya da safe, ta yi karatu da ita da dare, ta sa ta a jaka ta tafi aji.

A nan na gane inda lissafina ya karkace. Na auna sauri, na auna sauƙin gyara, na manta cewa ni a gidana akwai sola da inbata. Batirin laftof, allonta da madannanta duk suna cikin farashinta. Kwamfutar tebur kuwa sai an tanadar mata wutar da za ta riƙe ta, kuma kuɗin batir da inbata kan kai na kwamfutar kanta. Ga kuma batun tafiya: a halin da hanyoyinmu suke ciki, wa zai so ɗiyarsa ta riƙa jigilar allon kallo tsakanin Mafara da Bakura duk hutu?

Akwatin bai tafi a banza ba. Na miƙa shi ga wani ƙanenmu mai shagon buga takardu a Maradun, wanda ya riga ya ɗora faranti biyu na sola a rufinsa. Can ya samu gidansa: daga safe har magariba yana aiki, ana cike wa yara fom ɗin JAMB, ana buga takardu. Ita kuwa yarinyar, na cika daga aljihuna na saya mata laftof ta hannu, irin wadda ma'aikatu a Turai suke sallamawa bayan 'yan shekaru, na sa mata sabon batir. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai mai sayen ta hannu ya kula. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na 8. A tambayi zubin, a gwada batirin, a tabbatar RAM ɗin yana ƙaruwa.

Ga iyaye da ɗalibai, kafin a tambayi mai shago "nawa ce?", a fara tambayar kai: a wane ɗaki za ta zauna, awa nawa ake samun wuta a can, kuma wa zai gyara ta idan ta tsaya? Ni da digirina uku ban yi waɗannan tambayoyi ba, sai da 'yar aji ɗaya ta tuna mini da su.