Fitilar Sani

Sani ɗan Safo ne. Ya sayar da zakaransa, ya sayo fitilar leza a kasuwar Maradi. Da dare jan ɗigonta yana kaiwa har bisa rumbun maƙwabta.

Ran nan ta mutu. Wansa Isufu ya kwance gindinta, pil uku suka faɗo, kamar maɓallan riga, kowane bolt 1,5. Can ciki akwai diyod, bai kai ƙwayar gero ba. Shi ke ba da jan haske, ɗan gilashi kuma ya tattara shi wuri guda.

Isufu ya ce: «Pil ne suka ƙare. Zan sayo maka, amma kada ka ƙara haska idon Hadiza. Hasken nan yana ɓata ido.»

Sani ya sunkuyar da kai. Ashe an gan shi!