Jiragen da ke wucewa ta kan rufinmu

'Yan uwa mazauna Agege da kewaye.

Duk wanda ya kwana a unguwar nan ya san ƙarar jirgi. Filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja maƙwabcinmu ne, ta kan rufinmu jirage ke saukowa, har in kana waya sai ka ce wa mutum ya dakata tukuna. Yaranmu daga launin wutsiya suke gane kamfani. Amma in aka ƙirga mu a taron wata, waɗanda suka taɓa shiga jirgi ba don aikin Hajji ba 'yan kaɗan ne. Mu 'yan mota ne, kakanninmu kuma da fataucin goro ya kawo nan 'yan jirgin ƙasa ne.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne wayar dare. Ana yawan kiran shugabannin ƙungiya, a ce mahaifiyar wane jiki ya yi tsanani a gida, a taimaka masa ya tafi. Daga Legas zuwa Kano ta hanya wajen kilomita 1,000 ne, motar da ta tashi yau sai gobe, in Allah ya kiyaye hanya. Jirgi kuwa kamar awa ɗaya da rabi.

Kuma harkar nan ba baƙuwarmu ba ce. Tun 1925 jirgi ya sauka a Kano. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi ya yi nasa daga Kaduna, Nigeria Airways ta gwamnati kuma ta rufe a 2003. Daga baya aka samu Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina, da Azman Air ta Alhaji Abdulmunaf Sarina na Kano, sai Rano Air da ta fara jigila a 2023.

Sai dai wanda Saudiyya kaɗai ya sani yakan ɗauka duk jirgi irin na alhazai ne. Wancan mai bene, Boeing 747, yana kwasar mutum sama da 400, kuma ba shi ake sa wa zirga-zirgar cikin gida ba. Wanda ya fi yawa a hanyarmu Boeing 737 ne, kujera uku hagu, uku dama. Akwai kuma ƙarami, Embraer 145, mai kujera 50, ɗaya a gefe guda, biyu a ɗaya gefen. Ma'ajiyar kayansa ta sama ƙarama ce, shi ya sa ake karɓar jakar hannu a bakin matakala, a ba ka in an sauka. Kada wani ya tsaya rigima a kan wannan, ba ƙwace ba ne. Mun ji dattawa na cewa su ba sa shiga ƙaramin jirgi. Ba ma raina tsoron nan, domin a nan kusa da mu, Iju-Ishaga, jirgin Dana ya faɗi a watan Yunin 2012 da mutum 153 a ciki, Allah ya jiƙan Musulmi. Amma wancan ba ƙarami ba ne. Lafiyar jirgi a kulawar da ake yi masa take, girman jiki bai ba da tabbacin komai ba.

Kano ana samun jirgi kai tsaye. Na Katsina da Sakkwato sau da yawa sai an ratsa Abuja, 'yan Zariya su sauka Kaduna, 'yan uwanmu na Maraɗi kuma su sauka Kano ko Katsina su bi mota ta Jibiya. Lokacin hunturu a sa rai da jinkiri saboda hazo.

Yanzu ga batun kujeru, inda kuɗin jama'a ke zurarewa. Gaban jirgi, bayan labule, shi ne bizines: kujera mai faɗi, abinci a faranti, kaya masu ɗan yawa. Baya shi ne ikonomi. Dukansu lokaci ɗaya suke sauka. Alhajin da aljihunsa ya yarda ya zauna gaba, ba mu da ta cewa, amma ba da kuɗin asusu ba. Abin da mutane ba su lura da shi ba, ko a ikonomin farashi hawa-hawa ne. Kujeru masu araha su ake fara sayarwa, wanda ya zo ranar tafiya sauran masu tsada yake tararwa, kuma tikitin araha in ka sauya rana ko jirgi ya tafi ya bar ka, tara za ka biya. Sunan da ke kan tikiti kuma dole ya zo ɗaya da na katin shaida. Mai suna Muhammadu Sani a kati kada a rubuta masa Ɗanlami.

To a nan ne muka rabu biyu. Wasu na ganin asusun gaggawa ya sayi tikiti in an yi rasuwa. Mu a namu ganin, lokacin ya wuce. Mamaci ba ya jiran jirgi. Wadda ta cika da asuba, kafin azahar an kai ta makwancinta, ɗanta yana layi a Ikeja. Ya biya tikiti mafi tsada don ya isa zaman makoki, wanda ko ta mota zai riska. In dai za a taɓa kuɗin da mahautan abbatuwa da 'yan dako da masu shayi suka tara da guminsu, a taɓa shi tun tana da rai, ya je ta gan shi, ta sa masa albarka.

Shawarar da za mu gabatar ita ce tikitin ikonomi, zuwa kaɗai, ga memban da ke biyan kuɗin wata, idan uwa ko uba ko mata ko ɗa na kwance rai a hannun Allah. Dawowa kowa ya san tasha. Ko kyauta za a ba shi ko rance, wannan ba mu yanke ba, domin ma'aji ya ce in kyauta ce asusun ba zai kai ƙarshen shekara ba.

Za a tattauna ranar Lahadi bayan sallar la'asar, in sha Allahu. Mai ra'ayi ya zo da kansa, kada ya aiko.