Kafin Ka Yarda Cewa Fanel Ya Mutu

Akwai wata magana da ake yawan ji a wuraren gyaran waya da kwamfuta: "Fanel ya mutu." Da zarar an furta ta, mai kaya ya san abu biyu suka rage masa, ko ya sayi wani fanel, ko ya rungumi ƙaddara ya koma gida. Wani lokaci maganar gaskiya ce. Amma wata shidan da na yi ina koyon aiki a wani shagon gyara, ƙarƙashin shirin SIWES da ake tura ɗaliban jami'a, sun nuna mini cewa sau da yawa abin da ya lalace a jikin fanel layi ne guda ɗaya, wanda faɗinsa bai wuce silin gashi biyu ko uku ba. Ƙannena, kan wannan ɗan layin nake so mu tattauna yau.

Fanel shi ne babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda kowane sashe yake zaune a kansa ko yake haɗe da shi. Idan ka taɓa leƙa cikin tsohuwar rediyo ko rimot, ka ga ƙaninsa. Ana yin allon da zaren gilashi da aka haɗe da wani irin gam mai ƙarfi, abin da wuta ba ta bi ta cikinsa. A kan allon ake shimfiɗa tagulla, sannan a cinye wadda ba a so da sinadari, a bar siraran layuka. Su ne wayoyin kwamfuta, sai dai a kwance suke. Kaurin tagullar yakan kasance maikiromita 35, wato kusan rabin kaurin gashin mutum. Koren fentin da kake gani a sama riga ce da aka sa wa layukan don kada su yi tsatsa ko su taɓa juna. Wani injiniya ɗan ƙasar Austiriya, Paul Eisler, shi ne ya yi amfani da irin wannan allo a cikin rediyo a Ingila a shekarar 1936. Kafin nan da hannu ake haɗa wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwan da ke yanke layi ba su da yawa. Akwai ƙarfe mai tsini, kamar sukundireba da ta zame daga kan kusa. Akwai ruwa ko shayi da ya zube, ya zauna yana cin tagullar a hankali har ta koma kore-kore. Akwai kuma wutar da ta fi ƙarfin layin, ta ƙona shi kamar yadda fis yake ƙonewa. Ko wanne ne ya faru, sakamakon ɗaya ne, kuma kun riga kun karanta shi a darasin fiziks: wuta ba ta tafiya sai hanyarta ta zagayo ta haɗe. Idan hanya ta yanke ko da rabin milimita ce, saƙo ba zai isa ba.

A wata na uku da fara zuwa shagon, wani dattijo ya kawo kwamfutar tebur a bayan babur. Yana da ɗan shagon buga takardu, kuma lokacin rajistar jarrabawa ne, lokacin da yake samun cinikin da zai riƙe gidansa na watanni. Ƙurar hunturu ce ta cika kwamfutar, ya kwance ta ya kakkaɓe, da ya mayar sai ta ƙi tashi. Ya kai ta wani wuri an ce masa sai sabon fanel, kuɗin da aka faɗa kuwa ya fi ƙarfinsa.

Maigidana bai ce komai ba. Ya fara gwada akwatin da ke ba kwamfutar wuta, ya ga yana fitar da bolt 12 da 5 da 3.3 yadda ya kamata. Sai ya tambaya, "Baba, da kana mayar da kusoshin nan, hannunka bai zame ba?" Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Ɗan nan, sau ɗaya ta zame, amma ban ga ta yi komai ba." Maigida ya miƙo mini fanel ɗin da madubin ƙara girma ya ce, "Ɗan jami'a, bi ramukan kusa ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi gaggawa."

A gefen rami na huɗu na ga ƙarzuwar. Da ido kawai kamar zanen farce take, amma a ƙarƙashin madubi ta ratsa layuka biyu, tana nuna jan tagulla a baki-baki. Gani kaɗai bai isa hujja ba, don haka muka ɗauko mita. Mitar masu gyara tana da wani saiti da take tura 'yar wuta daga batirinta ta cikin tsinke ɗaya, idan wutar ta dawo ta ɗaya tsinken sai ta yi ƙara. Na ɗora tsinkayen a ɓangarori biyu na layin farko, ta yi ƙara. Ashe fentinsa kawai ya ƙarzu. A layi na biyu kuwa shiru. Muka bi shi da ido, sai ga shi ya taso daga inda wayar maɓallin kunnawa take shiga, ya nufi wani ƙaramin cif da ke kula da kunna kwamfutar. Baba yana danna maɓalli, amma labarin dannawar ba ya isa inda za a yi aiki da shi.

Ga yadda aka yi gyaran, kuma haka ake yin yawancin irinsa. Da farko an cire duk wata wuta, har da ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin fanel. Maigida ya sa na taɓa ƙarfen akwatin kafin na taɓa allon, saboda wutar nan da ke taruwa a jikin mutum, wadda takan ɗan ja ka idan ka taɓa ƙofar mota lokacin hunturu, tana iya kashe cif. Aka goge wurin da sifirit. Da tsinin reza aka kankare koren fentin a kowane ɓangare na yankan, kamar milimita biyu, har tagulla ta fito tana ƙyalli. Aka shafa man like, wanda aikinsa shi ne cinye dattin da iska ke haifarwa a kan tagulla don dalma ta kama. Sannan aka taɓa kowane baki da ƙarfen like mai ɗauke da 'yar dalma.

Abin da ya rage shi ne gada. Masu gyara suna kiranta jamfa, ba rigar sawa ba, wata siririyar waya ce da ke tsallake wurin da ya yanke. Maigida ya feɗe wata tsohuwar waya, ya zaro sili ɗaya daga cikin silallan da ke cikinta, ya kwantar da shi a kan yankan da ɗan hantsaki, ya taɓa kowane gefe da ƙarfen na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Saurin nan yana da dalili. Dalmar da aka haɗa da kuza kashi 63 da gubar dalma kashi 37 tana narkewa a digiri 183, ƙarfen like kuwa yakan wuce digiri 300. Idan ya daɗe a wuri ɗaya, gam ɗin da ke riƙe tagullar zai saki, layin ya ɗago, ƙaramar ɓarna ta zama babba.

Bayan likin sai gwaji iri biyu. Na farko, mita ta yi ƙara tsakanin farkon layin da ƙarshensa. Na biyu, wanda masu gaggawa ke tsallakewa, mita ta yi shiru tsakanin layin da maƙwabtansa, domin ɗigon dalma da ya haɗa layuka biyu ya fi yankewa haɗari. Daga nan aka rufe wurin da koren fenti na musamman da ke bushewa da hasken wata fitila. Da aka danna maɓalli, fanka ta juya. Neman matsalar ya ci kusan awa ɗaya, likin kansa bai kai minti biyar ba.

Kada wannan labari ya sa ku ɗauka kowane layi yana gyaruwa. Fanel ɗin kwamfuta hawa-hawa ne kamar bene: akwai mai hawa huɗu, akwai mai shida, takwas ko fiye, kuma layukan tsakiya a binne suke inda reza ba ta kaiwa. Idan allo ya tsage ko ƙuna ta huda shi, yawanci magana ta ƙare da gaske. Akwai kuma layukan da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ma'ajiyarta ta wucin gadi. Idan ka duba su za ka ga wasu sun yi lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Da gangan aka yi haka don tsawonsu ya zo daidai da na 'yan uwansu. Saƙo yana tafiyar kusan santimita 15 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, kuma dole saƙonnin su iso tare. Doguwar jamfa a irin wannan wuri tana iya sa kwamfuta ta tashi amma ta riƙa tsayawa ba gaira ba dalili. Na sha ganin maigidana ya duba fanel ya mayar wa mai shi, ya ce ba zai karɓi kuɗi a kan abin da ba zai ɗore ba. Da muguwar rawa, gara ƙin tashi.

Sai batun lafiya. Kada ka taɓa buɗe akwatin wutar kwamfuta, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare soket. Kada ka shaƙi hayaƙin like, yi aiki inda iska ke shiga. Kada ka riƙe dalma da haƙori, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Mu a Arewa mun san illar gubar dalma: a 2010 ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Saboda haɗarinta ne Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a sababbin kayan lantarki tun 2006.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan sakandare da duk wannan? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sarrafa yadda ya dace bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Yawancin kwamfutocin da muke saya a nan na hannu ne, sun riga sun yi rabin rayuwarsu a wata ƙasa. Duk wanda zai iya ƙara musu shekara biyu ko uku ya taimaki aljihun wani, ya rage bola, shi ma ya samu na kansa. Aikin kuma ba ya neman ƙarfin damtse. Ido yake so da natsuwar hannu, don haka 'yan mata, har da ku nake.

Idan abin ya ba ka sha'awa, kada ka fara da kwamfutar gidanku. Nemi matacciyar rediyo ko rimot da aka yar, ka cire batirinta. Roƙi malamin fiziks ya nuna maka yadda ake amfani da mita. Zaɓi layi ɗaya ka bi shi daga farkonsa zuwa ƙarshensa, ka yanke shi da reza da gangan, ka ji mita ta yi shiru, sannan ka haɗa shi a gaban wani babba da ya iya riƙe ƙarfen like. Ranar da mitar ta sake yin ƙara a hannunka, za ka fahimci darasin zagayen wuta fiye da yadda haddar dare goma za ta fahimtar da kai.