Gawayi, Aduwa da Magarya

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimiyyar sinadarai a wani kwalej na jihar Damagaram, amma sai da ƙanwata ta kusa rasa ranta sannan na gane ilimin nawa bai taɓa ƙetare ƙofar gidanmu ba.

Cikin hunturu ne, sanyin watan Janairu mai fasa leɓe. Ta hura gawayi a kasko, ta shige ɗaki da jaririnta, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma. Allah ya sa tsohuwarmu ta tashi alwalar asuba da wuri, ta yi ta sallama ba amsa. Aka ɓalle ƙofa aka fito da su tsakar gida, ita tana amai, yaron ya yi laƙwas. Da muka dawo daga likita, mata sun cika gida suna jaje, kowace tana cewa iska ce ta buge su. Ban yi musu da kowa ba, don kuwa iska ce, sai dai ba irin wadda suke nufi ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, sunan wannan iska na sha rubuta shi a allo da Faransanci, ɗalibai su kwafe, su haddace, su ci jarabawa. Ko sau ɗaya ban taɓa faɗinsa da Hausa ba, ko a aji ko a gida. Shi ya sa na tara yaran gidan su bakwai, babbansu shekara goma sha biyu, na ce kullum bayan la'asar za mu zauna gindin bedi.

Ranar farko na kawo gutsuren kantun gishirin Bilma. Na ce su fasa shi biyu, su ƙara fasawa, har muka kai ga turmi. Da ya zama gari na zuba a kofin ruwa na motsa, na ce, "To, ina gishirin?" Suka ce ya ɓace. Na ba Auta ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta ce, "Kawu, yana nan!" Daga nan na shiga: kowane abu, dutse ko ruwa ko jikin mutum, an gina shi da ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani. Sunansu atom, da Hausa ƙwayar zarra. Na gaya musu in duk mutanen duniya za su taru su ƙirga ƙwayoyin ruwa da ke cikin ɗigo guda, kowa ɗaya a daƙiƙa, dare da rana, za su haura shekara 6,000 ba su gama ba. Babban ya ce ƙarya ne. Na ji daɗin wannan musu, na ba shi alli muka yi lissafin tare a jikin bango.

Bayan kwana biyu muka zo kan ire-iren zarra. Kowane iri shi ake kira sinadarin asali, kuma waɗanda aka sani yau 118 ne. Wani masani ɗan Rasha, Mendeleyeb, shi ya jera su a jadawali a 1869, har ya bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba tukuna, daga baya aka gano su suka zauna daidai wurarensu. Ban sa su haddace jadawalin ba. Na ce su nemo mini sinadaran a cikin gida. Ƙarfen galma, ga ɗaya. Zinariyar kunnen Inna, ga biyu. Tukunyar sanholama, ga alminiyom. Baƙin gawayi, yawancinsa karbon. Na nuna musu gida na 92 na ce wannan shi ne yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971, wanda suke jin sunansa a rediyo. Abin da ya fi ba su mamaki gishirin nan ne: haɗin sodiyom ne, ƙarfe mai laushi da ke tartsatsi in ya taɓa ruwa, da kulor, iska mai guba. Kowanne shi kaɗai cuta ne, amma da suka haɗu sai ga abin da miya ba ta daɗi sai da shi.

Sai muka zo ga haɗuwar zarra da zarra, abin da ake kira molekul. Ba ni da kayan gwaji, don haka na aiki yara kasuwa. Magarya ta zama idrojen, wanda a Nijeriya suke cewa haidirojin. Aduwa ta zama oksijen. Karbon kuwa muka mulmula shi da laka muka shafa masa baƙin tukunya. Da tsinken tsintsiya muke haɗawa. Magarya biyu da aduwa ɗaya, ruwa ke nan. Aduwa biyu, iskar da muke rayuwa da ita, wadda take kashi 21 cikin ɗari na iskar sarari. Laka ɗaya a tsakiya, aduwa dama da hagu, wannan ita ce iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Don su gan ta da ido, na matse lemun tsami a kan kanwa, ta yi ta kumfa tana tsuwa. Na ce irin wannan kumfar ce a cikin lemun kwalba. Rabin magaryar dai a ciki ta ƙare kafin a tashi.

Rana ta shida na zo ga abin da ya tara mu. Na ɗaga lakar nan mai aduwa biyu, na zare aduwa ɗaya. Na ce idan gawayi yana ci a fili, yana samun oksijen isasshe, kowane karbon ya kama biyu. Idan aka rufe ɗaki, oksijen ya yi ƙaranci, sai karbon da yawa su kama ɗaya tak. Wannan mai ɗayan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta manne wa abin da ke ɗaukar oksijen, riƙon da ya fi na oksijen ɗin ƙarfi fiye da sau 200. Sai ciwon kai, jiri, amai, kasala, mai barci kuwa ya zarce bai sani ba. Injin wuta ma yana fitar da ita. Maganin farko a buɗe ƙofa da taga, a fito da mutum sarari, a garzaya likita.

Yaran suka yi tsit. Ɗiyar ƙanwata, wadda a wancan daren ta kwana ɗakin kaka, ta karɓi lakar tana juyawa. Ta ce, "Kawu, ashe ita ce ta kama Mama?" Na ce ita ce. Babban yaron, mai musun nan, ya ɗauki alli ya rubuta "gawayi" a bango, ya goge haruffa biyu na ƙarshe da yatsa, ya dube ni. Ban ce komai ba. Shekara goma sha ɗaya ban samu bayanin da ya kai wannan ba.

Tsohuwarmu har yanzu tana kan bakanta cewa ɗakin nan yana da mutanen ɓoye, kuma ban ja da ita ba. Amma da sanyin bana ya shigo, na ji hayaniya bayan isha'i. Auta ce ta tsaya a ƙofa, ta hana a shiga da kasko. Kaka tana faɗa, "Ja'ira, so kike sanyi ya kashe ni?" Ita kuwa ta kafe, "Inna, ki ji ɗuminki a waje, in za ki kwanta a fitar da shi." Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe kaskon ya kwana a tsakar gida, ni kuma da safe aka aiko mini in sayo bargo na biyu.

Ranar Litinin da na koma aji, na tsaya kasuwa na sayi aduwa da magarya na dala ashirin, na zuba a jaka tare da alli.